Shekarar da Aka Ga Cikin Mangazata a Salula

Ƴaƴana, yanzu na iso kan shekarar da na rufe mangaza, wato ɗakin da nake tara hatsi. Wasunku suna da wayo a lokacin, wasunku kuwa a bakin mutanen gari suka ji labarin, kuma abin da mutanen gari suka faɗa ba shi ne dukan abin da ya faru ba. Zan faɗe shi yadda ya gudana, har da wurin da ban fito da kyau ba.

Na fi shekara talatin ina sayar da hatsi a kasuwar Belbeji, kuma a hannun mahaifina na koyi sana'ar. Da kaka manoma su kawo a kan jakuna da amalanke daga ƙauyukan Tarka, in saya in zuba a mangaza, da bazara in fitar. Ribata ba wani sirri ba ne: direbobi abokaina ne, su ke gaya mini yadda tiya ta kwana a Damagaram da Agadas tun kwana biyu kafin kowa ya ji. Ban da wannan akwai ajiya. Makiyaya ba su da rumbu, gidansu a bayan raƙumi yake. In sun sayar da dabba da kaka sai su sayi hatsin shekara su bar shi a wurina, kowane buhu da alamar mai shi, irin wadda suke yi wa raƙumansu. Wata-wata su zo su ɗiba. Ban taɓa karɓar ladan ajiya ba. Sukan kawo mini cuku da man shanu, wani lokaci ɗan akuya, shi ke nan.

Da salula ta shigo, da farko gaisuwa kawai ake yi da ita. Daga baya sai ya zama kafin in buɗe baki in faɗi kuɗin tiya, manomi ya zaro tasa daga aljihu ya kira ƙanensa a Damagaram. Wannan bai dame ni sosai ba, haƙƙinsa ne ya sani. Abin da ya fara sa ni fargaba shi ne masu sayen da ba a ganinsu. Mutum yana zaune a wani birni mai nisa, bai taɓa taka Damargu ba, sai ya turo kuɗi ta salula ga wani mai moto, wato babur. Mai moto ya bi ƙauye-ƙauye, ya iske mata a masussuka, ya saye tun kafin a gama sheƙa. Babbar mota ta tsaya a bakin hanya ta kwashe, ta wuce. Hatsin bai shigo kasuwa ba, sarkin kasuwa bai gan shi ba, mu ba mu gan shi ba. Shekara bayan shekara layin masu hatsi yana raguwa. Inda da amalanke ke tsayawa har bakin masallaci, sai ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Na kan zauna a kan tabarmata in dubi filin nan, in ji kamar ƙasa ce ke zamewa a hankali daga ƙarƙashina, ban kuma san wa zan kama in tambaya ba.

Wanku Habu, wanda ke bin yayarku Rabi, shi ke tare da ni a mangaza. A lokacin ya yi aure har da ɗa ɗaya. Ya yi lakwal, wato boko, ya iya salula kamar shi ya ƙera ta, kuma ya sha ce mini mu ma mu shiga wannan hanya.

"Baba, kasuwar ta tashi daga filin nan. In ba mu bi ta ba, za mu wayi gari muna gadin tabarma."

"Ni ba na sayar wa mutumin da ban ga idonsa ba," in ji ni.

Yakan yi murmushi ya bar maganar. Habu ba mai ja da ni ba ne.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke fitar da kai, abin da ya tsira kuma tsutsa ta shiga zangarniyarsa. Ga iyakar ƙasa a rufe, kayan kudu ba sa shigowa, komai ya hau. Masu saye ta salula suka taya da kuɗin da ba a taɓa ji ba, manoma suka sayar, har da wanda ya kamata su bari a rumbu. Ba na ganin laifinsu, kowa da buƙatarsa. Amma kafin tsakiyar bazara rumbuna sun koma wayam, waɗanda suka sayar jiya su ne suka dawo kasuwa da ƙwarya suna neman tiya ɗaya, kuma babu. Nawa hatsin na sayarwa ya ƙare tun zafi bai yi tsanani ba. Abin da ya rage a mangaza, tun daga ƙasa har kusa da rufi, ajiyar makiyaya ne. Ko buhu ɗaya ba nawa ba.

Mafi yawansa na mutanen Agali ne. Kun san shi, dogon Buzun nan mai baƙin rawani da ke kawo muku cuku. Tun muna samari muke tare, shi ke tattaro kuɗin zangonsu gaba ɗaya ya saya musu, har da na zawarawa da tsofaffi. A wannan bazara mazansu sun yi nisa da dabbobi neman ciyawa, suka bar mata da yara a wata rijiya, tafiyar rabin yini daga gari. Agali ma ya yi salula, sai ya hau tudun rairayi yake samun rezo ya yi kira. Ran nan ya aiko da saƙon murya, Habu ya kunna mini. Yakan kira ni amidinin, wato abokina da harshensu.

"Amidinin, muna jin labari hatsi ya ɓace a kasuwanni, ana ba da kuɗi mai yawa. Mutanena sun dame ni da tambaya. Namu yana nan?"

Tambayar ta sosa mini rai. Shekara nawa ina riƙe musu, yau ake tambayata ko yana nan? Na ce wa Habu ya buɗe mangaza ya ɗauki hoto mai motsi ya aika masa, ya gani da idonsa.

"Baba, a bari in gaya masa da baki," in ji Habu. "Abin da ya shiga salula ba ya zama wuri ɗaya. Ga halin da gari ke ciki."

"Agali za ka aika wa, ba gari ba. Ɗauki."

"Baba..."

"Na ce ka ɗauka."

Ku riƙe wannan da kyau: sau biyu ya hana ni, ni na tilasta shi. Ya ɗauki buhunan daga ƙasa har sama, sannan ya juyo da salular kaina. Na gaida Agali da sunansa, na tambayi iyali da dabbobi, na ce ga amanarku. Sai na bugi wani buhu da tafin hannu, ina dariya, na ce, "Ka gani, cike har rufi. Ko wa ya zo, ko nawa ya kawo, ko kuka zai yi mini, ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba." Habu ya aika. Agali ya maido da godiya. Na manta da zancen.

Bayan kamar kwana tara, da hantsi, ina zaune a ƙofar mangaza, Rabi ta kira daga gidan mijinta a Tanut.

"Baba, me ka yi? Kana cikin salular kowa. Matan unguwarmu sun taru suna kallo, da na shigo suka yi shiru."

Habu ya nemo abin ya nuna mini. Mangazata ce, buhunan nan ne, amma an yanke gaisuwar, an yanke sunan Agali, an yanke inda na ce amanarku. An bar ni ina bugun buhu ina dariya ina cewa ko kuka za a yi mini ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba. Sai muryar wani mutum da ban sani ba ta biyo baya, tana faɗin sunana da unguwarmu, tana cewa ku dubi wanda ya tattare abincin talakawa ya kulle, yana jiran ƴaƴanku su fara mutuwa ya sayar wa baƙi. Yadda hoton ya fita har yau ban sani ba. Wataƙila Agali ya tura wa wani mai buhu a ciki, wannan ya tura wa wani. Wataƙila a wurin masu sa wa salula caji aka kwafe shi. Mai muryar kuwa ban taɓa gano shi ba. Ba shi da fuska, ba shi da gida, babu inda zan je in same shi in ce ga yadda aka yi.

A da, in an yi wa mutum ƙarya a kasuwa, zai je wurin sarkin kasuwa, a kira mai maganar, a zauna a gama kafin la'asar. Wannan kuwa kafin la'asar ta kai Falanko, ta kai Tanut, ta kai Damagaram, har wani ɗan garinmu da ke Libiya ya kira ya zage ni. Salulata ba ta yi shiru ba, lambobin da ban sani ba, wani ya yi Allah Ya isa ya kashe, wani ya ce sun san ƙofar gidana. A masallaci na tsaya a sahu, wanda ke damana ya matsa, aka bar gurbi tsakaninmu, kuma babu wanda ya cike shi. Mutanen da na yi wa gawar iyayensu wanka sai su kau da kai in mun haɗu. Mata suka riƙa zuwa wurin innarku da ƙwarya, wasu da goyo, suna roƙo ta sa baki. Ta raba abin da ke cikin rumbun gida har muka koma kunu sau ɗaya a yini, amma wannan bai kai ko'ina ba. Wata ta ce mata, "Kuna da mangaza cike, kike ba ni tafi biyu?" ta zubar a gabanta ta fita.

Rana ta uku da safe na je buɗe mangaza, na iske kwalbar esansi, wato fetur, a jingine da ƙofa, da akwatin ashana a kanta. Ba a zuba ba, ba a kunna ba. An dai ajiye ne don in gani. Na daɗe a tsaye ina kallonta. Na waiga, duk wanda ke wucewa sai in ga kamar shi ne.

Na koma gida na kira innarku da Habu cikin ɗakina. Innarku ba ta ko zauna ba.

"Alhaji, ka fita ka gaya musu na Buzaye ne. Mene ne abin ɓoyo? Sata ka yi?"

"Hoton na asali yana wurina," in ji Habu. "Da gaisuwar da komai. Yanzu in tura shi, kafin azahar kowa ya gani."

Na so in ce tura. Wallahi na so. Amma makonni kaɗan kafin nan an yi faɗa a wata rijiya cikin Tarka, kan layin ban ruwa, tsakanin manoma da masu raƙuma, aka sari wani saurayi ɗan manoma a kafaɗa, yana kwance a likita. Zukata ba su huce ba. Na tuna matan Agali da yaransu a bakin rijiyar can, babu namiji ko ɗaya sai tsofaffi biyu. In gari ya ji cewa hatsin da suka noma da hannunsu an kulle shi saboda makiyaya alhali ƴaƴansu na kwana da yunwa, kwalbar nan ba ƙofata za a kai ta ba. Samari masu moto za su isa zangon kafin jandarma su ɗaura takalmi.

"Ba za a tura ba," na ce. "Kuma kada wanda ya ambaci sunan Agali a wajen ɗakin nan."

"To ka buɗe ka sayar musu," in ji innarku. "In Agali ya zo ka ba shi haƙuri."

"In sayar da abincin zawarawa in ba su me? Ina zan samo wani? Kuɗi za su dafa?"

"Mu kuma fa? In an ƙone mu a ciki?"

Na ce Habu ya kira Agali in nemi izininsa ko da rabi ne. Kwana uku muna kira, salularsa ba ta shiga. Sun yi nisa, sun wuce inda rezo yake. Na tura ƙananan cikinku da matar Habu ƙauye wurin kawunku, na ce muku biki ake yi. Ba biki ba ne.

Ranar kasuwa ta zo. Innarku ta riƙe mini riga ta ce kada in fita. Na ce in ban fita ba, gida za su zo. Habu ya ɗauki hularsa ya biyo ni ba tare da na kira shi ba. Tun daga nesa na ga taron. Ba masu saye ba ne, mutane ne tsaye kawai, maza a gaba, mata a baya da ƙore da buhunan da babu komai a ciki. Da yawa sun ɗaga salula sama suna ɗaukata ina tahowa. Wannan ya fi sandunan da ke hannun wasunsu ba ni tsoro, don na san duk abin da bakina ya furta yau ma za a yanka shi yadda aka so. Suka buɗa mana hanya, muka shiga, hanyar ta rufe a bayanmu. Na jingina bayana da ƙofar mangaza, ƙarfen ya yi zafi da rana, ina jin sa ta cikin riga. Sarkin kasuwa, tsoho mai sanda, abokin mahaifina, ya kutso ya tsaya a gefena yana cewa a yi haƙuri a saurara.

"Buɗe!" wani ya ce daga baya. Wasu suka amsa.

"Hatsin nan ba nawa ba ne," na ce. "Ajiya ce."

"Ta wa?"

"Ba zan faɗa ba."

Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Wani magidanci, wanda na san ƴarsa ba ta da lafiya, ya matso har ina jin numfashinsa, ya kunna hoton a gaban idona.

"Wannan ba kai ba ne? Ba kai ke dariya ba? Wa kake yi wa talla? Wa ka ɗaukar wa hoton?"

Taron ya matso. Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya bi shi. Na ga wani saurayi riƙe da kwalba. Ba zan ce muku na yi tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na nuna Habu na ce:

"Yaron nan ne. Ya ce mini wasa ne, in yi magana. Ban san tallar hatsi zai yi da shi wa mutanen nesa ba. Kun san su da salula."

Gari ya san Habu da salula, an kuma sha jin yana cewa mu koma sayarwa ta waya. Maganar ta zauna daram. Na ga idanu sun bar ni sun koma kansa, kuma a wannan ɗan lokacin, Allah Ya gafarta mini, sanyi na ji. Habu ya dube ni. Bai buɗe baki ba. Salular na cikin aljihunsa da hoton na gaskiya, da muryata ina gaida Agali, dannawa ɗaya ya ishe shi ya wanke kansa. Hannunsa ya je kan aljihun, ya tsaya a nan, ya sauko. Sai sanda ta zo daga gefe ta same shi a saman gira. Ya durƙusa, jini ya rufe masa rabin fuska. Sarkin kasuwa ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar rigarsa yana ihu, "Ku kashe ni tukuna! Ku fara da ni!" Ganin jini da ganin tsoho a ƙasa ya sa na gaba suka ja baya. Ana cikin haka motar jandarma ta iso.

Suka watsa taron, suka sa nasu kwaɗon a kan nawa, suka kai Habu likita aka ɗinke shi, ni kuma suka tafi da ni. A ofishin kwamanda, ƙofa a rufe, na faɗi gaskiyar masu hatsin da dalilin da ya sa na yi shiru. Ya aika aka duba alamomin buhunan, ya ga haka ne. Shi ma ya ce kada maganar ta fita. Bayan kwana biyu aka kawo babbar mota da rakiya, aka loda hatsin da rana tsaka aka kai shi can rijiyar arewa aka miƙa wa masu shi. Mutanen gari suna tsaye suna kallon mota ta nufi arewa cike da hatsi. Me kuke so su ce? Suka ce ga shi nan, ɗan ya sayar, uban ya sayi jandarma. Aka ɗauki wannan ma a salula.

Da na dawo gida innarku tana zaune kusa da Habu, yana kwance da farin ƙyalle a goshi. Sarkin kasuwa ya riga ya gaya mata abin da na faɗa. Ta tashi ta biyo ni har ƙofar ɗaki, ta yi magana a hankali don kada ya ji.

"Ka tsare ƴaƴan Agali, Allah Ya ba ka lada. Nawa ɗan kuma ka miƙa musu shi da hannunka."

Shekara arba'in muna tare, ba ta taɓa yi mini magana irin wannan ba, kuma ba ta sake ba. Amma tun daga ranar akwai wani abu da ya fita daga muryarta in tana kirana, bai dawo ba.

Agali ya zo bayan ruwan farko. Ya ji komai a hanya. Ya zauna a zaure ya haɗa shayi da kansa, ya miƙo mini kofin farko.

"Amidinin, da ka buɗe ka ba su rabi. Da mun sha nono mun jure. Wa zai ce maka don me?"

"Na neme ka kwana uku."

"Ina bayan tudu," ya ce, ya sunkuyar da kai. "Hotonka ya iso kowane gari, kiranka bai iso ni ba."

Ya nemi ya je gaban sarkin kasuwa ya faɗi gaskiya, na hana shi, don yaron da aka sara bai warke ba tukuna. Har yau ban san ko daidai na yi ba. A wannan damina ƴar magidancin nan ta rasu. An ce zazzaɓi ne, amma na san abin da yunwa ke yi wa mai zazzaɓi. Na je gaisuwa, ya karɓi hannuna bai dube ni ba. Sau da yawa nakan zauna in yi ta juya abin: da na buɗe ba tare da izini ba, da wa zai rayu, wa zai mutu? Ban samu amsa ba.

Da kaka ta zo babu manomin da ya kawo mini hatsi. Makiyaya ma suka ji tsoron tara abincinsu wuri ɗaya, suka koma saye kaɗan-kaɗan ta hannun masu moto. Na mayar da makullin mangaza ga mai ita, na koma gonar gado. Wannan bai yi mini ciwo yadda kuke zato ba, sana'ar ta riga ta mutu tun kafin hoton, ni ne ban yarda ba.

Habu ne bai iya zaman garin ba. Duk inda ya bi sai a nuna shi, ga wanda ya sayar da abincin gari. Yara suka sa masa waƙa. Ku kanku, ƙannensa, na ji wasunku suna cewa shi ya jawo mana, ina ji ina shiru. Kullum in ce gobe zan tara ku in faɗa, gobe ta yi in kasa, don ban san yadda uba ke cewa ƴaƴansa ya ji tsoro ya ɓuya a bayan ɗansa ba. Bayan an gama girbi ya ce zai tafi arewa neman aiki. Na raka shi tasha. Muka tsaya a gefen mota ana ɗaure kaya, maganar tana bakina, sai na ji kaina ina cewa ya riƙe salla, ya kula da abokan banza. Ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Mota ta tashi. Daga Agadas ya wuce Aljeriya, daga baya ya aiko aka kai masa matarsa da ɗansa, can aka haifi ƴarsa wadda ban taɓa ɗauka ba. Duk wata yana aiko wa innarku da abin cefane, duk Juma'a yana kira ya gaishe ni, kuma bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

Sallar layya da ta wuce, bayan an sauko daga idi, ya kira. Muka gaisa, ya tambayi rago, ya tambayi ƙafata. Yana shirin sallama na ce ya dakata.

"Habu, ranar kasuwar nan. Ni na ce ka ɗauki hoton, ka hana ni. Na yi maka ƙarya a gaban mutane don in tsira. Ka yafe mini."



"Baba, na ga fuskarka a ranar," ya ce. "Na san tsoro ne. Ni ma da ƙyar nake tsaye. Na yafe tun a likita."

"To ka dawo gida."

"Ban sani ba tukuna, Baba. Garin ne nake jin nauyinsa." Sai ya ƙara da cewa, "Yarinyar nan takan taɓa mini tabon ta ce me ya same ni. Ina ce mata faɗuwa na yi daga moto."

"Ka gaya mata gaskiya. Ka ce kakanta ne."

"A'a," in ji shi. "Sai ta zo ta zauna a cinyarka ta san ka tukuna. In ya so kai ka gaya mata da bakinka."

Na ce to. Tun daga ranar nake roƙon Allah Ya ara mini kwanakin da zan kai wannan zama.